Yadda ake gano fayil ɗin takardar tara a kotun gunduma da warware ta a Texas

Da yawa idan ɗan sanda ya miƙo musu takardar tara a Amurka, abin da ke fara zuwa musu shi ne su biya su huta. A Texas wannan gaggawar tana da tsada. Biyan tara daidai yake da amsa laifi: kotu za ta sanar da DPS, hukumar da ke riƙe da lasisin tuƙi, laifin ya hau tarihinka, kamfanin inshora kuma ya gani ranar sabuntawa. Akwai hanyoyin da za a kori ƙarar, amma duk suna rataye da rana ɗaya da ke rubuce a jikin takardar. Bayanin nan na Texas ne, da misalin Houston da gundumar Harris, inda 'yan Najeriya ke da yawa. Kowace jiha da nata tsarin.

A bakin hanya

Ka sa hannu. Sa hannun ba amsa laifi ba ne, alkawari ne cewa za ka bayyana a kotu, kuma ƙin sawa na iya sa a tafi da kai. Ba a biyan ɗan sanda komai a nan. Miƙa masa "na goro" laifin cin hanci ne da ya fi tarar nauyi nesa ba kusa ba. Da ka isa gida ka ɗauki hoton takardar gaba da baya, domin irin takardar rasit ce, rubutunta yakan dushe idan ta kwana biyu cikin zafin mota.

Abu uku za ka nema a jikinta: lambar takardar, sunan kotu, da ranar bayyana. Ka kula da kwanan watan, Amurkawa wata suke fara rubutawa. 03/04 na nufin 4 ga Maris, ba 3 ga Afrilu ba. Doka ta ce a ba ka aƙalla kwana 10 daga ranar da aka tsayar da kai.

Wace kotu ce taka

Nan ake yawan ɓata. Wanda ya rubuta takardar da wurin da aka tsayar da kai su ke nuna kotu. Idan ɗan sandan birnin Houston ne, ƙarar tana kotun birni, wato Municipal Court, mai babban ofishi a titin Lubbock. Idan jami'in sherif ne, ko kwanstabul, ko jami'in DPS na babbar hanya, galibi tana kotun gunduma da ake kira Justice of the Peace. Gundumar Harris kaɗai tana da irin waɗannan kotuna 16, shiyya takwas, kowace da kotu biyu, don haka ka duba lambar shiyya da lambar kotu. Wani ɓangaren Houston kuma ya shiga gundumar Fort Bend da Montgomery, kuma garuruwa irin su Sugar Land da Missouri City kowanne da kotunsa. Zuwa kotun da ba taka ba ba ya tsayar da wa'adi.

Tuƙi cikin maye ba ya cikin wannan lissafi. Wannan ƙara ce ta kotun laifuka ta gunduma, a Harris fayil ɗinta na ofishin District Clerk, kuma aikin lauya ne.

Neman fayil

Ka shiga shafin intanet na kotun da ke jikin takardar, ka rubuta adireshin da hannunka. Kada ka bi saƙon waya mai cewa ka biya yau ko a soke lasisinka. 'Yan damfara sun daɗe da gano wannan ƙofar. Ka fara nema da lambar takarda. Idan za ka nema da suna, ka rubuta shi yadda yake a lasisi, haɗe da ranar haihuwa. Muhammad, Mohammed da Muhammed mutum uku ne a wurin kwamfuta, kuma sau da yawa ana juya sunan mutum da na mahaifinsa, don haka ka gwada duka biyun.

Idan ba ta fito ba, kada ka yi murna. Takarda kan ɗauki kwanaki kafin ta shiga kwamfutar kotu, ranar bayyana kuwa tana nan daram. Ka kira magatakardar kotun, ka rubuta ranar da ka kira da abin da aka faɗa maka. Ka kuma ƙirga laifukan: tsayarwa ɗaya na iya haifar da ƙara uku, gudu, rashin inshora da rajistar da ta ƙare, kowace da lambarta. Wanda ya warware ɗaya ya manta biyu, sauran na jiransa.

Ƙararrakin da takardar shaida ke kashewa

Idan kana da inshora mai aiki a ranar da aka tsayar da kai, ka kai shaida, kotu za ta tabbatar ta kori ƙarar ba tare da ka biya komai ba. Inshorar da aka saya washegari ba ta yin wannan aikin. Rajistar mota ko lasisin da wa'adinsa ya ƙare, idan ka sabunta cikin kwanakin aiki 20 ko kafin zaman farko, alƙali na iya korar ƙarar da kuɗin da bai wuce dala 20 ba.

Kwas ɗin tuƙi

Ga mai laifin gudu ko tsallake danja, wannan ce hanyar da ta fi: ka yi kwas ɗin kiyaye haɗari, a kori ƙarar. Sharuɗɗanta: lasisin Texas, inshora, kuma ba ka yi kwas ɗin don korar wata ƙara ba cikin wata 12 da suka wuce. Ba a ba wanda ya haura ƙa'idar gudu da mil 25 ko fiye, ko wanda gudunsa ya kai mil 95 a awa, ko wanda ya wuce motar 'yan makaranta tana tsaye tana ɗaukar yara, ko wanda aka kama a wurin aikin hanya ma'aikata na nan.

Ka nemi izinin kotu a ranar bayyana ko kafin ta. Za ka ce ba ka jayayya da tuhumar, ka biya kuɗin kotu, sai a ba ka kwana 90. Kada ka yi kwas ɗin kafin izini ya fito, ana iya ƙin karɓa. Awa shida ne, ana yin sa ta intanet, mafi ƙarancin kuɗinsa dala 25, kuma dole makarantar ta zama wadda TDLR, hukumar ba da lasisin sana'o'i ta Texas, ta amince da ita. Bayan satifiket, kotu na buƙatar tarihin tuƙinka daga DPS, nau'in 3A. Nau'o'in suna da yawa, mutane kan sayi wanda ba shi ba, a mayar da su a ranar ƙarshe. Ka sa hannu a satifiket, ka kai da wuri, ka karɓi shaidar miƙawa.

Jinkirin hukunci ko shari'a

Wanda bai cancanci kwas ba, in ba a wurin aikin hanya ma'aikata na nan aka kama shi ba, yana iya roƙon jinkirin hukunci, wato deferred disposition: alƙali ya jingine hukunci har zuwa kwana 180, ka biya kuɗin da aka yanka, idan ba ka sake laifi ba a kori ƙarar. Alfarma ce, ba haƙƙi ba. Ɗan ƙasa da shekara 25 sai ya haɗa da kwas.

Idan kana ganin ba ka yi laifin ba, ka musa. Za a sa maka ranar ganawa da mai gabatar da ƙara, inda ake yawan sasantawa. Ka nemi bidiyon motar ɗan sandan a rubuce. Kana iya zaɓar alƙali shi kaɗai ko masu taya shari'a mutum shida. Maganar da ake yi cewa in ɗan sandan bai zo ba shi ke nan, ba kullum ba. Ana iya ɗage zaman. Mai buƙatar tafinta ya faɗa tun da wuri, domin na Hausa ba a samun sa a safiyar zama.

Direbobin tirela masu lasisin CDL, wato na tuƙin manyan motocin kasuwanci, ba su da kwas, ba su da jinkiri, ko da a motar gida aka kama su. Manyan laifuka biyu cikin shekara uku a motar aiki, irin su haura ƙa'ida da mil 15, suna jawo dakatarwar kwana 60. Ga irinsu kuɗin lauya ba asara ba ne.

Idan rana ta wuce

Rashin bayyana laifi ne dabam da tararsa, yana jawo sammacin kamu, wasu kotunan kuma suna hana sabunta lasisi. Bashin da ya haura kwana 60 ana iya ɗora masa kashi 30 cikin ɗari a miƙa wa masu karɓar bashi. Ka je da ƙafarka: dokar Texas ta ce a janye sammacin wanda ya kawo kansa da niyyar warwarewa. Mara hali ya faɗa wa alƙali, akwai biya kaɗan-kaɗan da aikin al'umma a madadin kuɗi.

Bayan an gama

Ka karɓi takardar da ke nuna yadda ƙarar ta ƙare daga magatakarda, mai hatimi idan za ta samu. Bayan 'yan makonni ka sake ciro tarihin tuƙinka ka tabbatar laifin bai hau ba. Idan ya hau, kotun ce za ta aika wa DPS gyara. Ka adana takardar, domin fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400, yana tambayar ko jami'in tsaro ya taɓa rubuta maka takarda, ta hanya ma tana ciki.