Kafin ka gyara wa abokin aiki a WhatsApp

Salamu alaikum 'yan'uwa. Ga 'yar shawara ga masu aikin ofis, musamman waɗanda yanzu rabin aikinsu a WhatsApp ake yin sa.

Idan abokin aikinka ya turo rahoto ka ga kuskure, don Allah kada ka gyara masa a gurup ɗin da oga yake ciki. Bi shi ta gefe. Wanda aka kunyata a bainar jama'a kare kansa zai shiga yi, ko da kai ke da gaskiya. Ga shi kuma rubutu ba ya ɗaukar murya, abin da ka rubuta cikin raha sai ya karanta shi kamar tsawa. Ni dai na fi son a kira, ko a tura gajeren saƙon murya, a fara da gaisuwa.

Sannan ka nuna masa wurin. "Aikin nan bai yi ba" ba ta tsinana komai. Ka ce: "Malam, a shafi na 3, jimillar kuɗin mai ba ta yi daidai da rasit ba, ko za ka sake dubawa kafin a kai wa akanta?"

In ya girme ka, mayar da gyaran tambaya: "Yallaɓai, ko ni ne ban gane lissafin nan ba?" Amma kada kara ta sa ka yi shiru har takarda ta fita da kuskure.

Kuma a bar tura gyara da ƙarfe sha ɗayan dare, a jira safiya. In yabo ne, wannan kam a zuba shi a gurup.