Yadda ake zaɓen jakar hannu mai tsaro don tafiya ƙasar waje

Mai shirin tashi daga Kano ko Abuja ko Yamai, ko Umara zai je, ko Alƙahira neman magani, ko Gwanzu saro kaya, yakan kwashe kwanaki yana zaɓen babban akwati, ranar tafiya kuma ya ɗauko duk jakar da ya tarar a ɗaki ya zuba fasfo da kuɗi da waya. Akwati in ya ɓata, tufafi da tsaraba ne suka tafi. Ƙaramar jakar nan kuwa in ta salwanta, tafiyar ce gaba ɗaya ta tsaya, sai zirga-zirga tsakanin 'yan sanda da ofishin jakadanci. Ita ce ta fi cancanta a tsaya a duba.

Abu na farko shi ne sanin wace iri kake bukata, ta goyo ko ta rataye. Jakar goyo tana raba nauyi a kafaɗu biyu, tana ɗaukar kwamfuta da tufafin kwana biyu, hannuwanka kuma suna sake. Aibinta ɗaya ne, amma babba: tana bayanka, inda idonka ba ya kai. Jakar rataye, wadda maratayinta ke ratsa ƙirji daga kafaɗa zuwa ɗaya kwiɓin, tana zama a gabanka ƙarƙashin hannu, sai dai da zarar ta wuce kilo uku kafaɗa da wuya za su gaya maka kafin la'asar. Abin da ya fi shi ne a haɗa biyun: ta goyo mai cin lita 30 zuwa 40 don jirgi da masauki, ta rataye mai lita 4 zuwa 8 don yawon gari. In dole ɗaya za ka saya, kuma tafiyar ta shiga cunkoso ce, ɗauki ta rataye.

Kafin ka duba kyau, duba girma da nauyi. Yawancin jiragen da ke jigilar mutanenmu kilo 7 suke bari a shiga da shi, wasu kamar Turkish Airlines kilo 8, girman kuma kusan santimita 55 a tsaye, 40 a faɗi, 20 zuwa 23 a kauri. Tabbatar da na jirginka a jikin tikiti. Wannan ƙa'ida ta shafi tsaro kai tsaye, domin jakar da ta wuce kima a bakin ƙofar jirgi ake karɓe ta a tura ta cikin kaya, da kwamfutarka da magungunanka a ciki, kana tsaye kana kallo. Jakar da nauyinta ya haura kilo ɗaya da rabi tun ba a sa mata komai ba ta riga ta cinye maka rabo mai yawa. Tafi kasuwa da awon tela, ka kuma ce a ɗora maka ita a sikeli.

Zif shi ne ƙofar jaka, nan ne kuma aka fi yaudarar mai saye. Iri biyu ne suka fi yawa: mai haƙoran roba siriri da aka nannaɗe kamar zare, da mai haƙora manya ɗai-ɗai na ƙarfe ko roba mai tauri. Na farkon yana da wani rauni da mutane da yawa ba su sani ba. In aka danna bakin biro tsakanin haƙoransa aka ja, sai ya tsage daga farko har ƙarshe. Bayan an ɗauki abin da ake so, ko an cusa abin da ba naka ba, sai a ja kawunan zif ɗin guda biyu, da kwaɗonka a maƙale a jikinsu, su bi ta kan tsagar su dawo, zif ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Kwaɗo bai yi komai ba ke nan. Maganin wannan shi ne kawunan zif su kasance ba sa motsi in an kulle: nemi jakar da ke da zobe ko ƙugiya da aka ɗinke a jikinta, inda za ka haɗa kawunan biyu da zoben ka kulle su tare. Ko an tsaga, ba za a iya mayarwa ba, za ka gani. In jakar ba ta zo da zoben ba, duk mai gyaran jaka ko baduku zai ɗinka maka ɗaya da zare mai kauri. Akwai kuma zif mai haƙora ninki biyu, sama da ƙasa, wanda biro ba ya shiga da sauƙi; in ka samu irinsa ya cancanci ƙarin kuɗin.

Juya kan zif ɗin ka duba bayansa. Sau da yawa akwai lamba a wurin, 5 ko 8 ko 10, wato faɗin haƙoran. Babban ɗakin jaka yana son 8 ko 10. Sunan YKK, kamfanin ƙasar Japan, alama ce mai kyau, amma ana buga shi a jabu, don haka hannu ya fi ido: ja zif ɗin sau goma da sauri, musamman a kwana. In ya sarƙe ko ya ci shafi tun a shago, ajiye ta. A jakar goyo, wadda zif ɗin babban ɗakinta ke ɓangaren da ke manne da bayanka ta fi kowace, domin sai ka sauke ta sannan a iya buɗewa. A ta rataye kuma, murfi shi kaɗai mai maganaɗisu ko ƙaramin maɓalli bai isa ba, hannu yana zurawa ta gefe. Ya zama akwai zif a ƙarƙashin murfin.

Kwaɗo ƙarami mai lambobi uku ko huɗu ya wadatar, ba sai ka damu da ɓatan makulli ba. Kwaɗuna masu jan tambarin nan da ake kira na TSA an yi su ne don jami'an filayen jirgin Amurka su buɗe ba tare da fasawa ba, kuma tun 2015 hoton makullansu ya bazu a intanet har ana kwafa. Aikin kwaɗo a jakar hannu jinkirta ɗan sane ne da tona asirinsa, iyakarsa ke nan.

Sai maratayi. 'Yan yankan aljihu reza suke amfani da ita, ko su yanke maratayin jakar ta sulale, ko su tsaga gindinta kaya su zubo a hannunsu. Kamfanoni irin su Pacsafe da Travelon suna saka wayar ƙarfe siririya cikin maratayi, da raga ta ƙarfe a ƙasan jaka. Murza gefen maratayin da yatsu, in akwai wayar za ka ji ta. Amma a nan akwai haɗarin da mai shago ba zai faɗa maka ba: maratayin da ba ya yankewa, in mai ƙwace a kan babur ya fizge shi, kai zai ja a ƙasa. Saboda haka a bakin titi ka mayar da jakar ɓangaren da ba na motoci ba, ka ɗan nisanci kwalta, in kuma ka ji an fizga da ƙarfin babur ka sunkuya ka sake ta. Faɗin maratayi kada ya gaza santimita huɗu. Ƙugiyarsa ta ƙarfe ce ake so, mai kullewa, ta yadda in ka zauna cin abinci ko jiran jirgi a Adis Ababa za ka ɓalle gefe ɗaya ka zagaya da shi ƙafar kujera ka mayar.

Yadi kuwa, nailan mai kauri ne abin nema, wanda ake rubuta wa 500D ko 1000D. Lambar kaurin zaren ce. Jakar makaranta mai sheƙi da ke ɓarewa daga ciki ba ta kai wata uku tana wahala. Launi ya zama baƙi ko ruwan toka ko ruwan ƙasa, ba mai babban tambari ba. Inda maratayi ya haɗu da jiki a nan jaka take fara mutuwa: a ga ɗinki mai siffar akwati da gicciye a ciki, ko wanda aka maimaita sau da yawa a wuri guda. Sa ƙafa ka taka gindin jakar a hankali, ka ja maratayin sama da ƙarfi. In zare ya fara buɗe baki, ka ga ƙarshenta tun yanzu. Jakar gwanjo ta asali sau da yawa ta fi sabuwar jabu ƙarko, sai dai ka zazzage ta, ka shafa shafinta lungu-lungu, duk inda ka ji tudu ko ɗinkin hannu a farke a duba kafin ta shiga filin jirgi da sunanka.

Aljihun da ake tallata cewa yana hana satar bayanan kati daga nesa, kada ka ƙara ko kwabo a kansa. Katin banki sai an kawo na'ura kusan santimita huɗu ake karanta shi, bayanan fasfo kuma a kulle suke sai an buɗe shafin hoto. Kuɗin ya fi amfani a zif mai kyau.

Komai ingancin jaka, kada ta haɗa duk abin da ka mallaka. Fasfo da mafi yawan kuɗi da kati ɗaya su zauna a lalita ko 'yar jakar wuya ƙarƙashin riga. Mace ta rataya tata ƙarƙashin hijabi, igiyar a ɓoye. A jaka ka bar kuɗin kashewa na ranar, don kada ka riƙa ɗaga riga a gaban mutane. Yi kwafin fasfo da biza da katin rigakafin shawara guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a akwati, hotonsu kuma a waya da wajen wani na gida. Kuɗin da ya haura dala 10,000 a bayyana wa kwastam kafin fita daga Najeriya. Mai harami ba shi da aljihu, don haka bel ɗin harami mai zif shi ne ma'ajiyarsa, a juyo aljihun gaba. Ba a barin manyan jakunkuna su shiga Harami, 'yar ta rataye ce za ta yi maka, kuma a cunkoson ɗawafi tafin hannunka ya zauna a kan zif ɗinta.

Fawa bank a jakar hannu yake tafiya, ba a akwati ba, kuma kada ya wuce Wh 100, wato ma'aunin yawan wutar da batirinsa ke riƙewa. Wanda aka rubuta wa mAh 20,000 a jiki kusan Wh 74 ne, ya shiga. Masu zuwa Sin su lura, tun watan Yuni na 2025 jiragen cikin gida na ƙasar ba sa karɓar wanda ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta ƙasar, a jikinsa. Turare da man shafawa kowace kwalba kada ta wuce mililita 100. Ajiye waɗannan da kwamfuta a ɗakin da ke buɗewa da sauri, don kada ka baje sauran kayanka a wurin bincike. A can kuma, zuba waya da agogo da walat cikin jakar ka zuge, kada ka tura ta cikin na'ura sai layi ya zo kanka, ta yadda za ku fito tare. A cikin jirgi sa ta goyo a ma'ajiyar sama da ke ɗaya gefen hanya, inda kana zaune kana hango ta, zif ɗin yana fuskantar ciki. Ta rataye kuma ta kwana a cinyarka ko ƙarƙashin kujerar gabanka da maratayin a ƙafarka.

Kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe da hannunka ba, ko na ɗan'uwa ne, kada kuma ka bar wa baƙo jakarka don ka shiga ban ɗaki. An sha tsare matafiyanmu a Saudiyya saboda ƙwayoyin da aka samu a kayan da aka liƙa wa sunansu alhali ba nasu ba ne. Lokacin auna kaya ka ƙirga 'yan takardun shaida da aka manna maka, su yi daidai da yawan akwatunanka, ka ɗauki hotonsu tare da akwatunan, sannan ka adana su a aljihun ciki na jakar rataye har sai ka fita daga filin jirgin da ka sauka.