Bayan gobara ta ci daji, kada a yi gaggawar sara

Jama'a, mai kula da filin ƙananan itatuwa da wuta ta cinye ya dakata da gatari tukuna. Baƙin kututture ba lallai matacce ba ne. A kankare ɓawonsa da farce daf da ƙasa. In cikin kore ne da danshi, saiwa na raye, za ta yi toho da ruwan farko.

Tsiron iri biyu ne. Akwai masu tohowa daga gindi, su ke fara rufe ƙasa. Akwai kuma masu dogaro da irin da ke binne, wanda zafi ko hayaƙi ke tayar da shi. Waɗannan su ne abin tausayi, domin sai sun yi shekaru kafin su zubar da sabon iri. A dazukan jihar Kalifoniya ta Amurka, in wuta ta dawo kafin shekara 10, irinsu kan ɓace, ciyawa mai saurin kamawa da wuta ta mamaye wurin, gobara ta ƙara yawaita.

Shekarar farko zaizaya ce babbar barazana. Wuta mai tsanani kan sa ƙasa ta ƙi shan ruwa: a ɗiga ruwa a ƙarƙashin toka, in ya tsaya dunƙule bai nutse ba, a jera ƙonannun rassa a gicciyen gangare, a baza karmami.

Dabbobi kuwa a hana su shiga har damina 2, musamman awaki. Sabon toho suka fi so, kuma in ana cinye shi a kai a kai, abincin da saiwa ta tara ya ƙare, itacen ya mutu.