Yadda Ake Haɗa Sabulun Toka Kamar Matan Turawan da Suka Yi Ƙaura Zuwa Amurka

A ƙarni na 18, matan Jamusawa da na 'yan asalin Sukotlan daga arewacin Ailan, waɗanda suka zauna a dazuzzukan Fensilbaniya, wani yanki na Amurka, nesa da kasuwa, da hannunsu suke haɗa sabulu, kuma uwargida a Kaduna za ta iya bin hanyarsu.

A tara tokar itace mai tauri, a jiƙa ta da ruwan sama, a tace. Idan ɗanyen ƙwai ya taso a saman ruwan, to ya yi ƙarfi. A narkar da kitsen saniya daga mahauta, a tace shi sosai, sannan a haɗa shi da ruwan tokar a tukunyar ƙarfe, ba ta alminiyam ba, domin ruwan toka yana cin alminiyam. A riƙa motsawa kan wuta har ya yi kauri. Gishiri ne ke sa shi ya daskare. Lallai a kare hannu da ido, a kuma nisanta yara, saboda ruwan yana ƙona fata.