Kafin ku sake sayo wa tsohuwa kwalbar kalsiyam

Da zarar tsohuwa ta ce gwiwa, sai ɗa ya garzaya kemis ya ce a ba shi maganin ƙashi. A miƙo masa kwalbar kalsiyam mai hoton ƙwarangwal a jiki, ya biya kuɗi mai tsoka, ya dawo gida yana jin ya sauke hakkin uwa. Bayan wata biyu gwiwa na nan yadda take, sai a ce wannan bai karɓe ta ba, a sayo na wani kamfanin. Na gaji da ganin haka a dangi da maƙwabta, shi ya sa na ce bari in faɗa a fili.

Kalsiyam ba maganin ciwo ba ne. Yawancin ciwon gwiwar da ke damun tsofaffi daga guringuntsin gaɓa yake, wanda ya goge saboda shekaru da nauyin jiki, kuma ko buhu guda na kalsiyam aka shanye ba zai mayar da shi ba. Zaizayar ƙashi, wadda ita ce ake shan kalsiyam dominta, ba ta ciwo. Kamar azarar da gara ta ci take, waje lafiya lau, sai ranar da aka ɗora mata nauyi. Alamunta su ne mutum ya rage tsawo, bayansa ya fara ranƙwafawa, ko ya karye a ƙugu ko wuyan hannu daga ɗan zamewar da ba ta kai ta kawo ba. Mata bayan ɗaukewar al'ada su suka fi shiga wannan haɗari.

Kuskuren da ya fi ci mini rai kuwa shi ne haɗin kemis. Ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, babu suna babu kwali, a ce na sanyin ƙashi ne. Gwaggona ta yi shekaru tana sha. Gaskiya ciwo na lafawa, har ta tashi ta yi sallah a tsaye, fuskarta ta cika, 'yan'uwa suna ta cewa Hajiya ta murmure. Wannan cikar fuskar ita ce alamar gubar, ba wanda ya gane. Wata safiya ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Da likita ya ce a kawo duk abin da take sha, ya zazzage ledar a tebur, ya ware wata 'yar farar ƙwaya ya ce deksametason ce, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi da aka fi sani da deksa. Kuɗin aiki sai da aka yi karo-karo a dangi, kuma har ta bar duniya ba ta sake taka ƙafarta da kanta ba. Abin takaici, duk tsawon lokacin nan tana shan kalsiyam ɗinta kullum ba fashi.

Deksa da 'yar'uwarta firednisolon suna hana jiki gina sabon ƙashi, suna rage kalsiyam ɗin da hanji ke tsotsa, suna ƙara wanda ke fita ta fitsari. Ɓarnar ta fi sauri a watannin farko. Ga tayar da sukari da hawan jini. Haba jama'a! Yaya za a yi mutum ya bai wa mahaifiyarsa ƙwayar da bai san sunanta ba? Wayar hannu ma sai kun duba kwali kafin ku saya. Ni dai a gidanmu na kafa doka: ƙwayar da ba ta zo cikin kwalinta ba, ba ta shiga ɗakin tsohuwa. Sai dai a kula, wanda ya daɗe yana shan irin wannan haɗi kada a yanke masa rana ɗaya, domin jikinsa ya daina samar da nasa sinadarin, yana iya faɗuwa ragwaf. A kai shi asibiti da ledar a hannu, a rage masa a hankali.

Sai batun lambar da ke jikin kwalba. Mutum ya ga 1,250 ya ɗauka abin da jiki zai samu ke nan. Idan kalsiyam kabonet ne, kashi 40 cikin 100 kawai ne ainihin kalsiyam, wato miligiram 500. Idan sitiret ne, kashi 21. A juya bayan kwalba a karanta ƙananan rubutun. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Amurka suka tsayar shi ne miligiram 1,200 a rana ga mace da ta haura 50 da namijin da ya haura 70, namiji tsakanin 51 da 70 kuma 1,000. To a nan ake yin kwaɓa: wannan adadi ya haɗa har da abin da aka ci a abinci, ba ƙwaya zalla ba. Kuma hanji ya fi tsotsa da kyau idan ba a wuce kamar 500 a zama ɗaya ba, don haka haɗiye biyu a tare asarar kuɗi ce da sayen taurin bayan gida. Kabonet yana buƙatar tsamin ciki, a sha shi da abinci. Tsohon da ke kan omefirazol saboda gyambon ciki, sitiret ya fi dacewa da shi ko da ya fi tsada.

Masu cewa ai ƙari ne, ba ya illa, su ji wannan. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2006, an bi mata fiye da 36,000; waɗanda aka bai wa miligiram 1,000 na kalsiyam da bitamin D kullum sun fi sauran samun tsakuwar ƙoda da kashi 17 cikin 100, ragin karayar ƙugu kuma bai taka kara ya karya ba. Ku ɗora wannan a kan zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da tsohon da ba ya son shan ruwa don gudun zaryar banɗaki. Kada jimilla ta wuce 2,000 a rana. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwa, kada ya fara sai da likita.

Ba cewa nake abincinmu ya wadatar ba. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 kan yara masu gwame da lanƙwasar ƙafa ya gano abincinsu bai wuce kamar miligiram 200 na kalsiyam a rana ba, kuma tukunya ɗaya ake ci da kakanninsu. Abin da nake yi ni shi ne in fara da kwano. Kofin madara ko kindirmo na ba da kusan 300, in dai ba wanda aka tsinka da ruwa aka kaɗa da kuka ba. Ga miyar kuka, ga zogale, ga riɗi, ga ƙananan kifi da ake taunewa da ƙayarsu. Ranar da aka samu nono sau biyu, ba na ba da ƙwaya. Ranar da ba a samu ba, guda ɗaya ta 500 bayan tuwon dare.

Bitamin D kuma, wanda fata ke samarwa daga hasken rana yake taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam, wai muna ƙasar rana. Tsohuwar da ke wuni a ƙuryar ɗaki cikin lulluɓi ranar ba ta taɓa fatarta, kuma fatar tsoho ba ta sarrafa shi kamar ta yaro. A shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi. Idan za a saya, IU 800 a rana (IU shi ne ma'aunin da ake rubutawa a kwalbarsa, ba miligiram ba) ya isa ga wanda ya wuce 70. Masu son allura ko ƙwaya mai dubbai don a huta lokaci guda, an gwada a Ostireliya: IU 500,000 sau ɗaya a shekara, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna matan sun fi faɗuwa da karyewa.

Kada a tara magunguna a tafin hannu a kora da shayi. Kalsiyam na riƙe maganin ƙarin jini, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su sifuro da tetirasaikilin, ya hana su shiga jiki. A ba da tazarar awanni. Maganin ƙarancin sinadarin maƙoƙo, awa huɗu. Farar ƙasa ba kalsiyam ba ce, an sha samun gubar dalma a cikinta. Kanwa ma ba kalsiyam ba ce, kuma gishirinta zai cutar da mai hawan jini. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, musamman kwalaben da ake kawowa tsaraba.

Wanda ya riga ya karye daga ƙaramar faɗuwa ya wuce matakin kalsiyam kaɗai. Yana buƙatar a auna ƙarfin ƙashinsa, galibi a manyan asibitocin koyarwa ake samun na'urar, sannan likita ya duba ko a sa shi kan maganin hana zaizayar ƙashi irin su alendironet. Ita ma da nata sharuɗɗan: da sassafe ciki ba komai, da cikakken kofin ruwa zalla, a zauna a miƙe rabin awa ba kwanciya ba karin kumallo, kalsiyam kuma a bar shi sai can da rana.