Babi na 4: Tausar ciki don taurin bayan gida

Darasi na 1: Shiri

Idan mutum yana yin mako bai zaga sau 3 ba, ko sai da yunƙuri, ga kumburin ciki, wannan babin nasa ne. Tsofaffinmu a Maiwurno da Gadarif, a Sudan, suna yawan kuka da haka, musamman lokacin zafi.

Ka bari awa 2 su wuce bayan cin abinci. Ka yi fitsari, ka wanke hannu. Ka kwanta rigingine a kan tabarma ko angarib, wato gadon igiya, ka lanƙwasa gwiwoyi don ciki ya saki. Ɗan man riɗi a tafin hannu ya isa.

Darasi na 2: Daga ina ake farawa?

Ku natsu, nan ne kowa yake tuntuɓe.

Babban hanji ya kai kusan mita 1 da rabi. Yana tasowa daga mara ta gefen dama, ya hau zuwa ƙarƙashin haƙarƙari, ya ƙetara ta saman cibiya zuwa hagu, sannan ya gangara. Hanyar da bayan gida yake bi ke nan, kamar ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, a gonakin Jazira, gaba yake yi. Hannunka zai raka shi ne kawai.

Ɗaga hannun da kake cin abinci da shi. Wannan ne dama. Ɗora shi a mara, kusa da ƙashin ƙugu na dama. Daga nan ake farawa. Tura sama a hankali har haƙarƙari. Ƙetara zuwa hagu. Gangara ƙasa. Ɗaga hannu, koma dama.

Faɗa da baki: dama, sama, ƙetare, ƙasa.

Ka rikice? Ba komai, sake ɗaga hannun cin abinci. Madalla. Dama, sama, ƙetare, ƙasa.

Mai yi wa wani ya fi ɓata. Idan Iya ko Baba ne a kwance kana fuskantarsu, damarsu tana gefen hagunka. Kama hannun Iya na dama, ajiye shi a cikinta, inda ya sauka ta nan za ka fara. Damarta ake nufi, ba taka ba.

Haba jama'a! A kowane aji sai na ga masu farawa ta hagu, wasu kuma suna danna cikin tsohuwa da dukan ƙarfinsu har tana cije baki. Wa ya koya muku haka? Tausa ba ta zafi. Idan an ji zafi, a tsaya. Kuma a fara ta dama.

Minti 10 zuwa 15 a kullum, da safe ya fi.

Darasi na 3: Waɗanda ba a taɓa cikinsu

Mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙaba. Haka wanda ya ga jini a bayan gida, ko yake rama ba dalili. Ciwo mai tsanani a mara ta gefen dama tare da zazzaɓi da amai, wannan na asibiti ne, a tafi nan take.

Darasi na 4: Ci da sha

A yawaita ruwa. A ci ful, wato wake, da ganye, a sha tsamiya. Kada a mayar da filasko abin sha na kullum.

Aiki: Zana ciki a littafinka, ka sa alama inda ake farawa.