Yadda Ake Nemo Takardun Shari'a a Ofishin Magatakardan Kotu a Amurka

Wata rana bayan sallar Isha'i wani maƙwabcina a Bronx, cikin birnin New York, direban tasi, ya ja ni gefe a ƙofar masallaci. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan." Wasiƙa ce daga bankinsa, an sanar da shi an riƙe kuɗin da ke asusunsa saboda hukuncin kotu kan wani tsohon bashi. Ya rantse bai taɓa ganin sammaci ba, bai san an kai shi ƙara ba, balle ya san an yanke hukunci. Hankalinsa duk ya tashi, har ya fara maganar neman rance ya biya kawai a wuce wurin. Na ce masa ya dakata mu fara ganin fayil ɗin tukuna.

Da yawa daga cikinmu ba su san cewa galibin takardun shari'a a Amurka a buɗe suke ga jama'a ba. Ƙarar bashi, rikicin haya, diyyar haɗarin mota, saɓanin kasuwanci, canjin suna, duk wanda ya so zai iya zuwa ya ce a nuna masa fayil, ko da ba shi da hannu a shari'ar, kuma a mafi yawan lokuta ba mai tambayarsa dalili. Ba sai da lauya ba, ba sai da ɗan tsakiya ba. Abin da ke wahalar da mutane shi ne rashin sanin ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Mataki na farko: gano kotun da aka yi shari'ar

Nan ne rabin aikin yake. Amurka ba ta da rumbu guda da aka tara duk takardun kotunanta. Kowace jiha da tsarinta, kuma a cikin jiha ana ajiye fayil ne a kawunti, wato gundumar da aka shigar da ƙarar. Kawunti sun haura 3,000 a ƙasar. A Louisiana ma fārish suke ce musu. Saboda haka tambayar farko ita ce: a wane kawunti aka yi abin? Galibi inda wanda ake ƙara yake zaune a lokacin ne, ko inda gidan hayar yake, ko inda haɗarin ya auku.

Bayan kawunti sai sunan ofishin, kuma sunan yana ruɗa mutum. A New York, County Clerk, wato magatakardan kawunti, shi ne ke riƙe da fayilolin Supreme Court. Kada sunan ya sa ka zaci ita ce kotun ƙoli, a wannan jihar kotun matakin farko ce ta manyan ƙararraki da sakin aure, kotun ƙolin jihar tana Albany da wani suna dabam. Ofishin County Clerk na Bronx yana lamba 851 Grand Concourse. Amma ƙarar kuɗin da bai wuce dala 50,000 ba, da ƙananan ƙararraki na dala 10,000 zuwa ƙasa, da rikicin mai gida da ɗan haya, waɗannan na Civil Court ta birnin New York ne, wadda ke da nata magatakardan. Kotun gidaje ta Bronx ma gininta dabam, a lamba 1118 kan wannan titin.

A Texas kuwa ofisoshi biyu ne. Wanda ke Houston, a kawuntin Harris, idan takardar saki yake nema District Clerk zai nufa, idan ta gado ce County Clerk. Korar ɗan haya da ƙarar da ba ta wuce dala 20,000 ba suna kotunan Justice of the Peace. A Chicago, County Clerk na kawuntin Cook takardun haihuwa da aure da mutuwa yake bayarwa, fayilolin shari'a kuwa suna wurin Clerk of the Circuit Court a ginin Daley Center. 'Yan'uwanmu 'yan Nijar da ke Greensboro, a North Carolina, Clerk of Superior Court na kawuntin Guilford za su nema.

Idan kana da ko da takarda ɗaya daga shari'ar, dubi samanta. Sunan kotu da kawunti suna nan a layukan farko. Wannan kaɗai ya isa ya hutar da kai yawo.

Abu biyu ba sa cikin wannan lissafi. Shari'o'in kotunan tarayya, har da na karayar arziki, ana nemansu ne a intanet ta PACER, shafin binciken takardun kotunan tarayya, santi 10 kowane shafi, kuma takarda guda ba ta wuce dala 3, idan abin da ka kashe bai haura dala 30 a wata uku ba, yafewa ma ake yi. Kotun shige da fice kuma tana ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta tarayya, ba ruwan magatakardan kawunti da ita.

Mataki na biyu: lambar ƙara, ko kuma suna daidai yadda aka rubuta shi

Kowace ƙara tana da lamba, yawanci haɗe da shekarar da aka shigar da ita. A New York indes namba ake ce mata, a Texas koz namba, wasu wuraren kes namba. Mai wannan lamba ya gama da wahala, cikin 'yan mintuna za a fito masa da fayil.

Wanda ba shi da ita sai ya bi ta suna, kuma a nan ne mu Hausawa muke da tamu matsalar. Muhammad ɗaya zai iya zama Mohammed a fasfo, Mohamed a lasin tuƙi, Mahamadou a takardun wanda ya yi karatu da Faransanci. Haka Abubakar da Aboubacar, Usman da Ousmane, Shu'aibu da Chaibou. Ga kuma juya suna: sau da yawa ma'aikacin da ya shigar da bayanan yana ɗaukar sunan uba ya mai da shi sunan yanka. Kwamfuta ba ta san waɗannan duk mutum ɗaya ba ne. Idan ka buga ta ce babu, kada ka yi murna da wuri. Rubuta duk yadda aka taɓa rubuta sunanka a takarda, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ka juya su, ka gwada da haruffan farko kawai. Ka kuma riƙe sunan ɗaya ɓangaren da kusan shekarar da abin ya faru.

Akwai kuma akasin haka. Masu suna Ibrahim Musa ko Amadou Diallo suna da yawa a birni guda, to kafin ka ɗauki ƙara a matsayin taka, ko ka ɗora ta a kan wani, duba adireshin da ke cikin takardun.

Mataki na uku: leƙa intanet kafin ka fita

Yawancin kotuna suna da shafin bincike kyauta. New York tana da WebCivil Supreme da WebCivil Local, da kuma NYSCEF inda ake iya buɗe takardun da aka shigar ta intanet a karanta. Maryland tana da Case Search na jihar gaba ɗaya. Abin da za ka fara gani shi ne jerin abubuwan da suka faru a ƙarar, rana bayan rana: ranar shigarwa, ranar da aka ce an kai sammaci, zaman da aka yi, hukunci. Doket ake kiransa. Karanta shi a tsanake ka fitar da sunayen takardun da kake buƙata, don kada ka biya kuɗin shafi 200 alhali uku ne za su yi maka amfani.

Hattara da shafukan 'yan kasuwa da ke fitowa a saman Google suna cewa ka sa katin banki su nemo maka. Bayanansu na iya zama tsofaffi, kuma abin da za su ba ka ba shi da hatimin kotu. Shafin kotu na gaskiya yawanci adireshinsa yana ƙarewa da .gov ko .us, kuma hanya mafi aminci ita ce ka shiga ta babban shafin kotunan jihar.

Mataki na huɗu: san irin kwafin da ake nema a wurinka

Kwafi iri uku ne. Akwai na kawai, wanda aka ɗauka a inji, ya wadatar idan karantawa za ka yi. Akwai wanda magatakarda ya sa wa hannu da hatimi yana shaida cewa daidai yake da na asali, irin wanda lauyoyin Najeriya ke kira CTC, a nan satifayid kwafi za ka ce. Sai na uku mai shaida ninki uku, inda alƙali ma yake tabbatar da sa hannun magatakardan, ana buƙatarsa ne galibi idan za a zartar da hukunci a wata jihar.

Tambayi wanda ya aike ka wanne yake so, tun kafin ka je. Idan kuma an ba ka mai hatimi, kada ka cire ƙusar da aka maƙale shafukan da ita don ka yi hoto. Wasu ofisoshin da zarar sun ga alamar an ɓalle ta sai su ƙi karɓa.

Mataki na biyar: je da kanka, ko ka rubuta

Zuwa da kai ya fi aike. Ka isa da safe. A ƙofa za a sa ka cire bel da makullai da waya ka bi ta na'urar bincike, don haka bar ƙaramar wuƙa da almakashi a gida. Riƙe katin shaida mai hoto. Tambayi ɗakin ajiyar fayil, yawanci akwai kwamfutoci a jere don jama'a, kuma sukan nuna abin da ba a gani daga gida. Kuɗin kwafi kowane kawunti da nasa, ana lissafi ne da shafi, sannan a ƙara na hatimi. Duba shafinsu ko ka buga waya ka ji irin biyan da suke karɓa, don wasu ba sa karɓar cek na mutum, wasu ba sa karɓar kati. Tsohon fayil kuma mai yiwuwa an kai shi ma'ajiya a wani gini, sai ka cike takarda ka dawo bayan kwanaki.

Wanda ke nesa zai iya aika wasiƙa. Ka rubuta lambar ƙara, sunayen ɓangarorin biyu, ainihin takardar da kake so da ranarta, ka faɗi ko mai hatimi kake so da guda nawa. Ka haɗa da moni oda da ambulan mai ɗauke da adireshinka da kan sarki a manne. Ba sai ka ambaci FOIA, dokar 'yancin samun bayanai, ba, wannan ta hukumomin gwamnatin tarayya ce, ba ta shafi kotuna ba.

Ma'aikatan wurin za su nuna maka inda takarda take da yadda ake cike fom, amma doka ta hana su ba ka shawarar abin da ya kamata ka yi da shari'arka. Idan sun ce ba za su amsa ba, ba wulaƙanci ba ne. Abin da aka faɗa da baki a gaban alƙali kuma ba a cika samunsa a fayil ba, wurin mai rubuta zaman kotu ake nemansa, da kuɗinsa dabam.

Takardar saki

Wannan ita aka fi tambayata, musamman daga masu son ɗauko mata ko miji daga gida, tunda USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa ta Amurka, tana neman shaidar cewa duk auren baya ya ƙare. A New York fayil ɗin saki a rufe yake har shekara 100, ma'auratan da lauyoyinsu ne kaɗai ke iya karɓar kwafi. Ƙaninka ba zai karɓo maka ba sai da rubutaccen izininka wanda notari, wato mai lasin shaida sa hannu, ya buga wa hatimi. Wasu jihohin sun fi sassauci. Fayilolin ɗaukar riƙon yaro da na ƙananan yara kuwa kusan ko'ina a rufe suke.

Ina roƙon 'yan'uwa su gane abu guda. Sakin da aka yi a gaban liman, ko aka rubuta a takarda aka miƙa wa waliyyi a nan Amurka, ba zai bayyana a rumbun kotu ba, domin kotu ba ta san da shi ba. Idan an yi rajistar auren a hukumance, a idon doka yana nan har sai alƙali ya raba shi. Na ga 'yar'uwa da ta yi shekaru tana zaton ta fita, sai da ta zo sabon aure ta tarar babu komai a rubuce.

Idan kuma takardar Najeriya za ta, hatimin magatakarda kaɗai ba lalle ya isa ba. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 kan tantance takardu, saboda haka akan bi ta ofishin Sakataren Jiha, sannan Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙaramin ofishin New York ko Atlanta. Kira su ka ji abin da suke buƙata kafin ka fara kashe kuɗi.

Shi maƙwabcin nawa, da muka je sai a gwaji na uku sunansa ya fito, an rubuta shi a juye. Muka buɗe fayil muka sami takardar rantsuwar wanda aka ba kai sammaci. Ya rubuta cewa ya miƙa wa wani mutum a wani gida, a wata rana. Maƙwabcina ya sa yatsa a kan adireshin ya ce, "Wallahi Malam, shekara biyu ke nan da na tashi daga gidan nan kafin wannan ranar." Muka yi kwafin shafin da na hukuncin, muka hau cibiyar taimakon marasa lauya da ke cikin kotun, aka nuna masa fom ɗin neman a soke hukuncin da aka yi a bayan idonsa. Kotunan New York suna ba da tafinta kyauta, shi ma ya nemi na Hausa tun a ranar don a samu lokacin nemo shi. Washegari ya dawo da takardar hayar sabon gidansa, aka haɗa, aka ba shi ranar zama.